Ɗa'un ya taɓa shiga Makka da Jidda? Muhawara a zauren 'yan uwa mazauna Hijaz da Sudan

Baffan Karantina:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya ga malamanmu da masu aikin asibiti. Gardama ce ta kaure a majalisarmu bayan isha'i. Wani ya ce ɗa'un, wato annobar nan mai fito da kaluluwa, bai taɓa taka ƙasar nan ba, wai Hijaz gaba ɗayanta a tsare take. Wani ya ce to in haka ne, me ya sa Turkawa suka riƙa killace alhazai a tsibirai kafin su sauka Jidda? Ni kuma abin da ya fi damuna shi ne asalin ciwon. Daga ina ya fito, kuma wa ya ɗauko shi ya zagaya duniya da shi? Tun muna yara muke jin ana cewa alhazai talakawa ne ke yawo da annoba, irin kakanninmu da suka zo a ƙafa. Ina so in san gaskiyar maganar.

Malam na Misfala:
Wa alaikumus salam Baffa. Abin da ya inganta a Buhari da Muslim game da Madina ne: akwai mala'iku a kan ƙofofinta, ɗa'un ba ya shigarta, Dujal ma haka. Makka kuwa malamai sun yi magana biyu. Ibn Ƙutaiba da Imam Nawawi sun tafi a kan cewa ita ma bai shige ta ba. Amma Ibn Hajar ya kawo cewa jama'a sun ruwaito ya shiga Makka a babbar annobar shekara ta 749 bayan hijira, wato 1348 zuwa 1349, ya kuma ce Madina ce babu wanda ya taɓa ambaton ya auku a cikinta. Jidda kuwa babu nassin da ya keɓe ta. Wanda ya ce duk Hijaz, ya faɗaɗa abin da hadisi bai faɗaɗa ba.

Hajiya ta Hindawiyya:
Allah ya gafarta Malam, to mutuwar da kakata take ba mu labari fa? Ta ce akwai shekarar da alhazai suka yi ta faɗuwa a Mina har aka rasa masu binnewa.

Anti Nas:
Hajiya, wannan da alama kwalara ce, amai da gudawa. Ta yi mummunar ɓarna a Hajjin 1865, ta sake yi a 1893. Ciwo ne daban, ruwan sha yake bi. Haka ma shekarar da mutanen Najdu ke kira shekarar rahama, 1337 hijira, wadda Turki babban ɗan Sarki Abdul'aziz ya rasu a cikinta, mura ce mai tsanani, wadda iyayenmu a gida suka sani da marisuwa.

Ɗa'un yana da kamanninsa. Ƙwayar cuta ce, bakteriya mai suna Yersinia pestis, gidanta jikin ɓerayen daji da danginsu masu haƙa rami. Ƙuma ce ke ɗaukar ta. Idan ciwon ya faɗa wa ɓerayen gari suka fara mutuwa, ƙumar da ke jikinsu ta rasa jinin sha, sai ta koma kan mutane. Daga kwana ɗaya zuwa bakwai zazzaɓi ya rufe mutum, kaluluwa ta fito masa a matsematsi ko hammata ko wuya, mai zafin gaske. Idan ba magani, cikin goma uku zuwa shida na mutuwa. Idan kuwa ya sauka a huhu, tari ne ke watsa shi daga mutum zuwa mutum, kuma wannan kusan ba ya barin wanda bai sami magani da wuri ba.

Malam na Misfala:
Wannan siffar da kika kawo, 'yata, ita ce a hadisin Nana A'isha: ƙullutu ne irin ƙullutun raƙumi. Malaman fiƙihu ma da ita suke rarrabe shi da sauran annoba.

Ɗalibin Madina:
Baffa, bari in ɗauki ɓangaren asali, gwargwadon abin da na karanta. Masana suna lissafa manyan zuwa uku. Amma ciwon ya girmi dukkansu, don an sami alamarsa a haƙoran mutanen da suka mutu shekaru kusan 5,000 da suka wuce a Latbiya da Suwidin.

Zuwa na farko da tarihi ya rubuta sosai ya bayyana a 541, a garin Farama na Masar, gabas da inda Fort Sa'id take yanzu. Shekara ta zagayo ya isa Kustantiniyya, zamanin Sarki Jastiniyan, shi ma sarkin ya kamu amma ya tashi. Abin lura shi ne Masar ce rumbun Rumawa a lokacin. Jiragen alkama ke tashi daga Iskandariyya su ciyar da babban birnin, kuma inda hatsi yake nan ɓera yake. Daga nan ya yi ta tafiya yana dawowa har wajen shekara ta 750. Wato an haifi Manzon Allah (SAW), an yi hijira, an yi halifofi huɗu, an yi daular Banu Umayya, duk a cikin wannan zuwan na farko.

Ɗan Maiurno:
Na taɓa jin cewa daga Habasha ya fito, wato daga wajenmu nan. Haka ne?

Ɗalibin Madina:
Wani marubucin Rumawa na wancan ƙarni ya faɗi haka, Yaya. Amma da aka tono kaburburan lokacin a kudancin Jamus aka binciki ƙwayar, danginta na kusa a tsakiyar Asiya suke. Shi ya sa masana da yawa ke ganin ta Bahar Maliya ya biyo da jiragen fatake masu zuwa daga wajen Indiya, ya ratsa tashoshin gaɓar nan tamu kafin ya ɓulla Masar. Mutumin Rum ya ga ta inda baƙon ya shigo masa, sai ya ɗauka can ne garinsu.

Malam na Misfala:
Tunda an zo nan, kada a wuce Amwas da sauri, don a nan ne Musulmi suka fara karo da shi gaba da gaba. Amwas ƙauye ne a Falasɗinu, tsakanin Ƙudus da Ramla. Shekara ta 17 zuwa 18 bayan hijira, rundunar Musulmi tana Sham, ciwon ya faɗa mata. Masu tarihi suna ambaton mutum wajen 25,000. A ciki akwai Abu Ubaida ɗan Jarrah, da Mu'azu ɗan Jabal, da Yazidu ɗan Abu Sufyan, da Shurahbil ɗan Hasana. Ku dubi sunayen nan da kyau. Shugabannin yaƙin Sham ne, waɗanda takobin Rumawa bai ci ba.

Sayyidina Umar ya taso daga Madina zai je Sham, ya kai Sarg, wajen da ake ce wa Mudawwara yanzu a kan iyakar Jodan, sama da Tabuka, aka tare shi da labari. Ya tara Muhajirai suka saɓa, ya tara Ansaru suka saɓa, ya tara dattawan Ƙuraishu suka ce ka koma da mutane. Abu Ubaida ya ce masa, gudun ƙaddarar Allah za ka yi? Ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ya buga masa misalin mai raƙuma da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya kore ɗaya busasshe, duk wanda ya kiwata da ƙaddarar Allah ya kiwata. Ana nan Abdurrahman ɗan Aufu ya iso, ya ce ina da ilimi a kan wannan, na ji Manzon Allah (SAW) yana cewa: idan kun ji labarinsa a wata ƙasa kada ku shige ta, idan ya auku kuna cikinta kada ku fita domin gudunsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne na Amru ɗan Asi. Da shugabanci ya zo hannunsa ya ce wa mutane su warwatsu cikin duwatsu su daina cunkoso wuri guda, kuma bayan haka ciwon ya lafa. Bai san ƙuma ba, bai san ɓera ba, ya dai duba ya ga taruwa ce ke ciyar da abin.

Direban Gurayat:
Amma Malam, ba ga hadisin "babu ɗaukar cuta" ba? Akwai wanda muke aiki tare, kullum da shi yake kafa hujja, ko takunkumi ya ƙi sawa lokacin korona.

Malam na Misfala:
Wanda ya faɗi wancan shi ne ya ce kada mai raƙuma marasa lafiya ya kai su mashaya tare da masu lafiya, ya kuma ce ka guji kuturu. Malamai sun haɗa su: cuta ba ta da ikon kanta, Allah ne ke sanya ta sababi, kuma an umurce ka da nisantar sababin. Abokin aikinka ya riƙe hadisi ɗaya ya saki uku.

Anti Nas:
Allah ya gafarta Malam, ina da ɗan ja a nan. Haɗin da ka kawo daidai ne, amma ba kowane malami na da ne ya tafi a kansa ba. Akwai manya da suka kore yaɗuwar ɗa'un daga mutum zuwa mutum ƙwarai, har da Ibn Hajar ɗin da ka ambata, alhali shi kansa ya binne 'ya'yansa mata a cikinsa. Ibn Haɗib na Garnaɗa ne ya tsaya kai da fata cewa yana yaɗuwa ta cuɗanya da tufafi da kaya, ya kafa hujja da cewa jirgi kan iso gari mai lafiya sai ciwo ya tashi, kuma makiyayan da ke nesa da gari sukan tsira. Ina faɗin haka ne don yaranmu su san an yi wannan muhawarar tun da daɗewa, a cikin gida, tsakanin malamai.

Malam na Misfala:
An yi, 'yata, ba na musu. Sai dai ki yi wa Ibn Hajar adalci. Abin da ya gani shi ne mutum ya yi jinyar ɗan'uwansa ya wanke gawarsa bai kamu ba, wani kuma yana kulle a ɗaki ya kamu. Ke da kanki kin ce mai kaluluwa ƙuma ce ke kai shi, ba numfashi ba. Ashe abin da idonsa ya gani gaskiya ne, abin da ya ɓoye masa shi ne ƙumar.

Anti Nas:
Wannan kam haka yake.

Ɗalibin Madina:
To ga zuwa na biyu, wanda Turawa ke kira baƙar mutuwa, kuma shi ne na 749 da Malam ya ambata. A 2022 aka fitar da binciken da ya fi kowane kusantar tushensa. A ƙasar Kirgistan, kusa da tafkin Isik-Kul, akwai tsohuwar maƙabartar fatake Kiristoci. Duwatsun kaburburan shekarun 1338 da 1339 sun yi yawa fiye da kima, wasu an rubuta a kansu cewa annoba ce ta kashe mai kabarin. Da aka binciki haƙoransu aka sami ƙwayar, kuma ita ce kakar wadda ta cinye Turai da Masar bayan shekara takwas. Har yau dabbobin ramin duwatsun Tiyan Shan suna ɗauke da danginta.

A 1346 ya isa bakin Baƙin Teku, wajen Kafa a Kirimiya, tashar fataken Janowa. Akwai labarin da ya shahara cewa sojojin Tatar da suka yi wa garin ƙawanya sun riƙa harba gawarwaki cikinsa, amma wanda ya rubuta shi bai je wurin ba, yana zaune a Italiya. Abin da ya fi ƙarfi shi ne jiragen hatsi da suka ci gaba da tashi bayan an yi sulhu a 1347. A shekarar ya shiga Kustantiniyya, ya shiga Iskandariyya, ya shiga Masina ta Sisili a watan Oktoba. Maƙrizi, masanin tarihin Masar, ya ba da labarin jirgin da ya taso da mutum fiye da 300, fatake da bayi da matuƙa, ya iso Iskandariyya da arba'in da 'yan kai, su ma suka mutu a tashar. A 1348 yana Alƙahira da Dimashƙa da Tunis, inda Ibn Haldun ya rasa mahaifansa biyu da malamansa yana saurayi. Ibn Wardi ya rubuta a kansa a Halab, ciwon ya kashe shi a 1349. Turai ta rasa kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin mutanenta, Masar da Sham wajen kashi ɗaya cikin uku.

Ibn Baɗuɗa yana Dimashƙa a tsakiyar 1348. Ya ce mutane sun yi azumin kwana uku, suka kwana a babban masallaci, da safe suka fita ba takalmi, Musulmi da Alƙur'ani, Yahudawa da Attaura, Kiristoci da Linjila, mata da yara, kowa na kuka. Daga nan Ibn Baɗuɗa ya wuce Masar, ya bi Kogin Nilu zuwa kudu, ya tsallaka daga tashar Aizab zuwa Jidda, ya iso Makka a ƙarshen shekarar.

Ɗan Maiurno:
Aizab ai tamu ce, can sama da Fort Sudan wajen Halayib, yanzu kango ce. To ƙanena ga tambayar da ta fi shafarmu. Ciwon ya tsallake Sahara? Ya kai ƙasar Hausa?

Ɗalibin Madina:
Nan masana suka rabu, Yaya. Ibn Baɗuɗan nan dai ya tafi Mali a 1352, ya biyo ta Takadda, har ya ambaci tagullar da ake kaiwa Gobir da Barno, kuma bai ba da labarin ɗa'un a can ba, shi da ya san kamanninsa sarai. Masu cewa bai tsallaka ba suna ƙarawa da cewa ayari kan yi wata biyu daga Sijilmasa ta Maroko zuwa Walata ta Muritaniya, mai ciwon ba zai kai ba, zafi da bushewar hamada kuma ba sa yi wa ƙuma daɗi. Masu cewa ya tsallaka suna nuna garuruwan da aka watse aka bari a ƙarni na 14, kamar Akorokorowa a Gana da Kirikongo a Burkina Faso, ba alamar yaƙi, mutane kawai suka ragu.

Ɗan Maiurno:
Ni na fi karkata ga masu cewa ya tsallaka. Kowa ya tsaya kallon hanyar Sijilmasa, an manta da tamu. Nilu hanya ce mai ruwa da hatsi da jirage tun daga Alƙahira har Aswan, ga Bahar Maliya, ga Habasha. Abin da ya kai Makka me zai hana shi Suwakin, tashar jirginmu ta Bahar Maliya? Kuma shirun matafiyi ɗaya ba hujja ba ce. Ya iso shekara uku ko huɗu bayan abin, zinariya da sarakuna yake kallo.

Ɗalibin Madina:
Maganarka tana da ƙarfi game da gabas. Amma daga Nilu zuwa Kano tafiya ce mai nisa, kuma watsewar gari fari ma na kawo ta. Hujjar da za ta yanke gardamar ita ce a sami ƙwayar a haƙoran mutanen lokacin, irin yadda aka samu a Kirgistan.

Ɗan Maiurno:
Su nawa suka zo suka tona namu? An tona Landan, an tona Jamus. Rashin nema ne, ba rashin samu ba. Ina nan a kan bakana.

Baffan Karantina:
Ku bar wannan haka, 'ya'yana, kowa ya faɗi nasa. Ku zo mini kan Jidda da alhazai.

Ɗalibin Madina:
To Baffa. Killacewa dai a zuwa na biyu aka fara ta a hukumance. Garin Ragusa, Dubrobnik ta yanzu, ya sa dokar tsare baƙi kwana 30 a 1377, daga baya Banis ta mai da shi 40. Ciwon ya yi ta dawowa, Landan a 1665, Marsai a 1720, Mosko a 1771, Masar kuwa har 1835 yana yi mata ɓarna.

Zuwa na uku daga lardin Yunan na kudancin Sin ya taso, ya daɗe yana cin mutane a can tun tsakiyar ƙarni na 19, yaƙi da gudun hijira suna tura shi. A 1894 ya sauko Kanton da Hon Kon. A nan Alezanda Yarsin ya gano ƙwayar, kuma a 1898 Fol-Luwi Simon ya nuna ƙuma ce ke kai ta. Amma Hon Kon tashar Ingilishi ce, kuma zamanin jirgin ruwa mai inji ya zo. Tafiyar da a da take cin watanni ta koma makonni, ɓera ya isa da ransa. Bombai 1896. Madagaska 1898. Iskandariyya 1899. San Faransisko da Sidni 1900. Kef Tawun 1901. Akara 1908, Dakar 1914, Legas 1924. Indiya kaɗai ta rasa mutum sama da miliyan 10. Jidda kuwa ya shige ta a 1897, ya sake tashi a 1898 da 1899.

Ka dubi jerin nan Baffa. Tashoshin ciniki ne da na mulkin mallaka. Sidni ba a zuwa Hajji daga cikinta a lokacin, San Faransisko ma haka. Kuma a 1897 ɗin da ya shiga Jidda, gwamnatin Ingilishi a Indiya ta hana mutanenta zuwa Hajji, amma jiragen shinkafa da kaya ba su tsaya ba.

Baffan Karantina:
Wannan ita ce maganar da nake nema. Buhu ya wuce, mutum ya tsaya.

Hajiya ta Hindawiyya:
Wallahi abin da ciwo. Kakanninmu sun yi shekaru a hanya, suna noma a Jazira ta Sudan su tara kuɗin jirgi, su zo Suwakin a tsare su, a turara kayansu, a kalle su kamar su ne cutar.

Anti Nas:
Hajiya, ina jin zafin nan, amma kada mu zubar da killacewar gaba ɗaya. Tashar tsibirin Kamaran da aka buɗe a 1882, da ta Ɗur a Sina'i, saboda kwalara aka fi yin su, kuma kwalara kam mutane ne ke ɗauke da ita a cikinsu, taron Hajji ya yaɗa ta ba sau ɗaya ba. Tsare mutum kwanaki a duba shi yana da ma'ana. Inda aka yi zalunci shi ne wa ake tsarewa, da yadda ake riƙe shi. Mai kuɗi a ɗakin sama na jirgi ba ya ganin abin da talaka ke gani.

Ɗalibin Madina:
Kuma ba alhazai kaɗai ba, Anti. A Kef Tawun da ciwon ya zo a 1901, baƙaƙen fata aka kwashe daga gari aka kai Ndabeni. A Dakar a 1914 aka ƙona gidajen 'yan ƙasa aka tura su sabuwar unguwa, ita ce Madina ta Dakar ta yau. A Honolulu unguwar 'yan Sin ce ta ƙone a 1900. A Legas ma rusau ya biyo baya, har aka kafa hukumar tsara gari a 1928. Ciwon ya zo a jirgin mai mulki, hukuncin ya sauka a kan wanda ake mulka. Ni wannan ne abin da ya fi tsaya mini a duk tarihin.

Direban Gurayat:
To yanzu dai ya ƙare ko? Tarihi ne kawai?

Likitan Dabbobi na Kasala:
Ɗan'uwa, garin da kake zaune ma ya gan shi. A 1994 an sami mutum biyar da ɗa'un a Gurayat. Huɗu daga cikinsu ɗanyar hantar raƙumi suka ci, ciwon ya kama su a maƙogwaro, wuya ya kumbura. Da aka bincika an sami ƙwayar a ɓargon raƙumin, an same ta a ɓerayen daji da ƙumar da ke garken. Irin haka ta faru a Libiya a 1976 da Jodan a 1997, duk ta naman raƙumi. Tsaunukan Asir ma tsohon gidansa ne tun ƙarni na 19.

Na daɗe ina so in yi wannan maganar a zauren nan, saboda mu na Sudan mun san marara. Ɗanyar hanta da albasa da barkono da lemon tsami, musamman ta raƙumi, abin alfahari ne a wajen biki da ranar layya, kuma Hausawanmu sun koya sun iya. Barkono ba ya kashe wannan ƙwayar, lemon tsami ba ya kashe ta. Wuta ce kawai.

Ɗan Maiurno:
Dakta, marara kuma? Iyayenmu sun ci sun tsufa.

Likitan Dabbobi na Kasala:
Sun ci, kuma yawancin raƙuma lafiyarsu lau. Matsalar tana wajen raƙumin da ya kwanta ciwo, mai shi ya ga zai yi asara ya ce a yi maza a yanka. Wannan shi ne wanda ya kashe mutane a Gurayat da Libiya. Mai fiɗa ma yana cikin haɗari, don ta ƙaramin yanka a hannu take shiga. Yanzu kuma da yaƙin Sudan ya watsa duban dabbobi a wurare da yawa, ana yanka a inda aka ga dama, ba mai dubawa.

Hajiya ta Hindawiyya:
Ni tsorona 'yan'uwanmu da ke sansanonin gudun hijira a Gadarif da Kasala. Cunkoso, shara, ɓeraye. Ba irin wurin da yake so ba ke nan?

Anti Nas:
Irinsa ne Hajiya, amma kada mu tayar wa mutane da hankali a kan abin da ba shi ke kashe su ba. Abin da ke cin rai a can tun da aka fara yaƙin nan a 2023 shi ne kwalara da zazzaɓin cizon sauro da dengi da yunwa. Wanda zai aika taimako ya aika na ruwa mai tsabta da gidan sauro. Ɗa'un a yau ya fi yawa a Madagaska da Kwango da Feru. Madagaska ta yi babba a 2017, mutum sama da 2,000 suka kamu, sama da 200 suka rasu, mafi yawa na huhu ne. Mafi kusa da Sudan shi ne yankin Ituri na Kwango da yammacin Nilu a Yuganda, dab da iyakar Sudan ta Kudu. Amurka ma duk shekara tana samun 'yan ƙalilan a jihohin yamma, gadon jiragen 1900 ne da ya shige cikin dabbobin dajinsu ya zauna.

Bambancinmu da mutanen Amwas shi ne magani. Jentamaisin, dokisaikilin, sifurofulokzasin, duk suna kashe ta, kuma ba su da tsada. Sharaɗin shi ne sauri. Na huhu idan ya wuce kwana guda da fara alamu ba a soma magani ba, da wuya a ceto mutum.

Direban Gurayat:
To Anti, mu da muke kwana a garken raƙuma da rumbunan sha'ir, me za mu lura da shi?

Anti Nas:
Idan ka ga ɓeraye suna mutuwa da kansu ba wanda ya sa musu guba, kada ka taɓa su da hannu, ka sanar da baladiyya, wato hukumar gari. Kuma a fara fesa maganin ƙuma kafin a kashe ɓera, don in ka kashe ɓeran ka bar ƙumar, kanka za ta dawo. Idan zazzaɓi mai zafi ya zo maka da kaluluwa, ko ciwon maƙogwaro da kumburin wuya bayan ka ci ɗanyen nama ko ka yi fiɗa, ka tafi asibiti a ranar.

Likitan Dabbobi na Kasala:
In ka je kuma ka faɗa wa likita da bakinka cewa a garke kake kwana, ka faɗi abin da ka ci da ranar da ka ci. Yawancin likitocin yanzu ba su taɓa ganin ɗa'un da idonsu ba, zai iya ɗauka ciwon maƙogwaro ne na yau da kullum ya ba ka abin da ba zai yi aiki ba. Sauran waɗanda kuka ci tare su ma a kai su, ko ba su fara jin komai ba.